Jinyar Mai Ciwon Daji da Zogin Jijiya a Lokacin Annoba

Da aka kulle Legas da Abuja ranar 30 ga Maris 2020, Ogun da Kano suka biyo baya a watan Afrilu, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi, hankalin kowa ya koma kan korona. Amma akwai mutanen da cutarsu ta riga korona zuwa. Matar da aka cire wa mama, wadda ke hawa mota daga ƙauye zuwa asibitin Shika a ɗaura mata ruwan kemo duk bayan mako uku, ta wayi gari ba mota a tasha. Dattijon da dajin ya shiga ƙashin bayansa, wanda kwalbar maganinsa ta kusa ƙarewa, ya ji an ce asibiti ba ya ganin kowa sai na gaggawa. Wasu ma hanyar a buɗe take, tsoron ɗauko cuta ne ya zaunar da su a gida. A irin wannan hali ɗakin mara lafiya shi ne asibitinsa, mai jinya kuwa, ko 'ya ce ko miji ko ƙanwa, shi ne idon likita da hannunsa.

Domin wannan mai jinya na rubuta bayanin nan. Rubuta magani da ƙayyade yawansa aikin likita ne, ba kuma zan ɗauke masa ba. Sai dai abin da likita ya rubuta a minti biyar, a gida ake aiwatar da shi dare da rana, kuma a can ne yake yin amfani ko ya lalace. Abin da ake nema a fili yake: mara lafiya ya yi barci, ya ci abinci, ya kai kansa bayi, ya yi ibadarsa, ya iya zama a yi hira da shi. Ko da cutar ta wuce warkewa, waɗannan ba su wuce samu ba.

Gane irin ciwon

Ciwon da ke fitowa daga ƙari ko rauni ko ƙashi, mai shi yakan nuna wurin ya ce nan ne ke yi masa nauyi ko suka. Na jijiya daban ne, domin jijiyar da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ita kanta ce ta samu rauni, sai ta riƙa aika labarin zafi ko babu abin da ya taɓa wurin. Ka saurari kalmomin mara lafiya da kyau, don su ne rabin binciken. Za ka ji ya ce tafin ƙafarsa na ƙuna kamar ya taka garwashi, ko wani abu na fizgarsa kamar lantarki daga ƙugu zuwa yatsa, ko kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ko ana tsira masa allura. Wani zai ce ƙafar ta mutu, ba ya jin takalmi, amma kuma tana zogi. Wata za ta ce zanen rufa ma idan ya taɓa ta sai ta yi ƙara. Mutanen gida da yawa a nan suke fara shakka, su ce ta cika raki, tunda ido bai ga kumburi ko miki ba. Ba raki ba ne. Likitocin Faransa sun fitar da wani ɗan gwaji a 2005 mai suna DN4, tambayoyi goma ne, kuma bakwai daga ciki irin waɗannan kalmomi ne na ƙuna da fizga da tsira da mutuwar fata. Wanda ya samu huɗu cikin goma, ana ɗaukar ciwonsa na jijiya ne.

Hanyoyin da yake zuwa suna da yawa. Ƙarin kansa na iya danne jijiya, kamar yadda dajin bakin mahaifa kan sa zogi ya gangara cinya har ƙafa. Aikin tiyata na iya yanke ƙaramar jijiya. Shi ya sa mata da yawa bayan an cire mama suke fama da ƙuna a hammata da cikin damtse. Gashin da ake yi da na'ura kan bar tabo a jijiya, wani lokaci sai bayan watanni ko shekaru ya bayyana. Idan garkuwar jiki ta yi ƙasa, ƙwayar cutar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta na iya farkawa ta fito da ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, su warke su bar raɗaɗi. Wannan idan ka gan shi ka kira likita a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a kwana uku na farko.

Sai kuma kemo. Magunguna irin su vincristine da paclitaxel da docetaxel da cisplatin da oxaliplatin (na bar sunayen yadda suke a kwali don ka gane su a takarda) sukan taɓa jijiyoyi masu tsawo, ciwon ya fara daga yatsun ƙafa biyu, ya hau zuwa idon sawu, daga baya ya kama yatsun hannu. Babu wani magani da aka tabbatar yana hana wannan faruwa. Abin da ke taƙaita ɓarnar shi ne likita ya ji labari da wuri, ya rage ƙarfin maganin ko ya jinkirta ko ya sauya shi. Don haka kada mara lafiya ya ɓoye cewa ya kasa ɓalle maɓallin riga ko takalmi na fita daga ƙafarsa bai sani ba, wai don kada a dakatar masa da kemo. Ɓoyewar ce ke mai da ciwon wata biyu na shekaru. Ku kuma sani cewa na cisplatin da oxaliplatin kan ƙara tsanani wata biyu ko uku bayan an gama kemo kafin ya fara sauka. Hakan ba ya nufin dajin ya dawo.

Littafi ɗaya, waya ɗaya

Sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ɗaura masa biro da zare, ka ajiye shi kusa da magunguna. A shafin farko rubuta sunan cutar yadda likita ya rubuta, da lambar katin asibiti, da sunan kowane magani da ƙarfinsa da lokacin shansa, da ranar kemo na ƙarshe. Daga nan kowace rana shafinta. Safe da dare ka tambayi mara lafiya ƙarfin ciwon. Wanda ya saba da lissafi ya faɗa daga sifiri zuwa goma. Tsohuwar da lamba ba ta dame ta ba, ta nuna da hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar a buɗe ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ma'aikatan jinya a ƙasashen Afirka da dama da hannun suke aiki, kuma yana isarwa. Ƙarƙashin lambar ka rubuta ko ya yi barci, sau nawa ciwo ya tashe shi, ko ya yi bayan gida, da abin da ya iya yi yau wanda jiya bai iya ba.

Amfanin littafin yana fitowa ranar da ganin likita ya koma ta waya. Likitan da ke tsakiyar annoba ba shi da rabin awa. Idan ka ce masa "jikin dai sai a hankali", ba ka ba shi abin kamawa ba. Amma idan ka ce, "Likita, kwana biyar ke nan ƙunar ƙafa tana kan bakwai da dare, huɗu da rana, tana shan ƙwayar dare ɗaya, ba ta yi bayan gida ba tun Talata," cikin minti biyu zai san abin da zai sauya. Ɗauki hoton shafin da hoton kwalin magani ka tura ta WhatsApp kafin ka kira. Bar mara lafiya ya yi magana da bakinsa ko da jimla biyu ce, domin kunya da kara sukan sa uwa ta rage wa ɗanta labari, ta ce da sauƙi alhali ba ta runtsa ba. Haƙuri da jarrabawa abu ne mai girma a wurinmu, kuma faɗa wa likita gaskiyar ciwo bai taɓa rage ladansa ba.

Magungunan da halinsu

Farasitamol da su ibuprofen da diclofenac ba su cika yin wani abin kirki ga zogin jijiya ba. Wannan ne ke sa mutane su yi ta ninka su, su ƙare da ciwon ciki ko ƙoda. Ibuprofen da diclofenac ma haɗari ne ga mai karɓar kemo, saboda jininsa na iya kasa daskarewa. Magungunan da ke kwantar da jijiya asalinsu na wasu cututtuka ne, kuma gara ka san haka tun kafin wani ya karanta takardar cikin kwali ya tayar muku da hankali.

Amitriptyline shi ne mafi araha kuma mafi samuwa. An fara yinsa ne domin ciwon damuwa, amma ɗan kaɗan daga cikinsa, miligiram 10 zuwa 25 da dare a farko, yana rage ƙuna ya kuma kawo barci. Yana busar da baki, yana sa jiri idan an miƙe da sauri, yana taurara bayan gida. Tsoho mai wahalar fitsari ko mai ciwon zuciya, a gaya wa likita kafin a fara. Gabapentin da pregabalin na farfaɗiya ne asali. Ana farawa da kaɗan, yawanci da dare, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwanaki. Suna sa gyangyaɗi da tangaɗi, kuma ƙoda ce ke fitar da su, don haka mai raunin ƙoda ana rage masa. Duloxetine kuwa shi ne wanda ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta ba da shawarar amfani da shi ga zogin da kemo ya haddasa, a 2014, ta kuma sake jaddadawa a 2020. Yakan tayar da zuciya a makon farko, shi ya sa ake so a sha shi bayan an ci abinci.

Abu biyu suka haɗa su duka, kuma a nan gidaje da yawa ke yin asara. Na farko, ba sa aiki ranar da aka fara su. Sai an yi mako ɗaya, biyu, wani lokaci fiye, ana sha kullum ko da ciwo ko babu. Wanda ya sha kwana uku ya ce ba ya yi ya jefar, bai gwada maganin ba tukuna. Na biyu, ba a yanke su kwatsam. Wanda ya saba da pregabalin ko gabapentin ko duloxetine, idan suka ƙare masa dare ɗaya, zai iya shiga rashin barci da zufa da firgici, wani har jijjiga. Kuma kada a yi tsammanin ciwon zai ɓace ɓat. Idan ya sauko daga takwas zuwa huɗu, mutum ya kwana bai farka ba, an ci riba babba.

Kemis da yawa, da zarar sun ji ƙafa na ƙuna, sai allurar bitamin B. Tana da amfani ga wanda jikinsa ya rasa B12, wannan kuwa gwajin jini ke nunawa. B6 idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Mai ciwon suga kuma ya kula da sugansa, domin suga da kemo jijiya ɗaya suke ci.

Maganar mofin

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yadda ake hawa da maganin ciwon daji mataki-mataki har a kai ga mofin, a sha ta baki, a kan lokaci. Zogin jijiya ba ya jin mofin kamar yadda ciwon ƙari ke ji, amma mai ciwon daji sau da yawa iri biyun ne a jikinsa, sai a haɗa masa mofin da ɗaya daga magungunan jijiyar da aka ambata. A Yuganda, bayan Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu irin wannan jinya a 1993, ruwan mofin ya shiga har ƙauyuka, kuma tun 2004 aka ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A Najeriya Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke shigo da garinsa, manyan asibitoci su dama shi ya zama ruwa. Duk da haka wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa abin da ke isa ga masu bukata a Najeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ga ƙarancin kaya, ga tsoro. Mun ga abin da kodin da tramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, don haka uba yana da dalilin ɗar-ɗar idan ya ji an ambaci mofin. Amma a ganina zalunci ne a bar mai ciwon daji yana birgima saboda laifin da wasu suka yi. Wanda ke shansa domin ciwo, a ma'aunin likita, da wuya ƙwarai ya zama ɗan maye. Kuma rubuta shi ba sanarwar ajali ba ce. Akwai masu shansa watanni suna harkokinsu.

Ruwan mofin awa huɗu yake yi a jiki. Jadawalin da aka saba shi ne ƙarfe 6 na safe, 10 na hantsi, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Wasu likitoci kan ninka na ƙarfe 10 na dare don a tsallake na 2 na dare, amma kada ka yi haka sai an ce ka yi. Saita ƙararrawar waya. Kada a jira ciwo ya dawo sannan a ba da, domin wanda ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa. Auna da sirinji marar allura, ba da cokalin shayi ba: zuƙo daidai layin da mai harhaɗa magani ya nuna maka, ɗago sirinjin saitin idonka ka tabbatar, sannan ka matsa a hankali a gefen kumatu. Duk sabuwar kwalba ka duba ƙarfinta, domin ba duka ne ɗaya ba, mililita biyar na wannan na iya ninka na waccan sau da yawa. Tambayi likita nawa za a ƙara idan ciwo ya ɓallo tsakanin lokuta, ka rubuta duk ƙarin da aka yi. Idan ana bukatarsa fiye da sau uku a yini, ma'aunin ya yi kaɗan, a kira.

Tashin zuciya da gyangyaɗin farko sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Taurin bayan gida ba ya wucewa. Duk mai shan mofin yana bukatar maganin sassauta ciki kullum, irin su senna ko bisacodyl, tun daga ranar farko. Gwanda da miyar kuɓewa da zogale da yawan ruwa suna taimakawa, amma su kaɗai ba sa isa.

Kada a haɗa tramadol na kemis a kan amitriptyline ko duloxetine ba da sanin likita ba; haɗin na iya kawo rawar jiki da ruɗewa da jijjiga. Mofin tare da pregabalin ko gabapentin likitoci na haɗawa, amma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Disamba 2019 cewa haɗin na iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Maganin barci a kansu kuwa, a'a. Kwalbar da ƙwayoyin su zauna a akwati mai makulli, makullin a jikin mutum ɗaya. Pregabalin na cikin abin da masu shaye-shaye ke nema, kuma zaman kulle yana tara kowa a gida.

Babbar ɓarnar da annoba ke yi wa mai wannan ciwo ita ce yankewar magani. A Agusta 2020 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu sa ido kan ƙwayoyi suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna roƙon ƙasashe kada korona ta toshe hanyar waɗannan magunguna. Kai a gida, ƙirga abin da ya rage duk Juma'a. Da ya sauko na kwana goma, fara neman sabo. Roƙi likita ya rubuta na tsawon lokacin da doka ta yarda, ka kuma tambaya ko wani zai iya karɓowa a madadin mara lafiya. Wanda zai je ya riƙe katin asibiti da takardar magani da wasiƙar likita mai hatimi, saboda shingen jami'an tsaro. Kwalbar mofin ba takarda fitina ce a hanya. Idan duk da haka ka ga zai ƙare kafin a samu, kira a gaya maka yadda za a rage a hankali, ya fi a sha cikakke yau gobe a wayi gari babu. Idan kuma ciwon daga ƙashi yake kuma an ce a yi gashi, tambayi ko zama ɗaya zai wadatar. Ga ciwon dajin da ya shiga ƙashi, an tabbatar gashi sau ɗaya na rage zafi kamar na kwanaki da yawa, wannan kuwa sauƙi ne ga mai zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja daga nesa.

Ƙafar da ba ta ji

Ƙafar da ta mutu ba ta kawo ƙara idan ƙaya ta shige ta. Kowace yamma, kafin haske ya tafi, zaunar da mara lafiya, wanke ƙafafun da ruwa mai ɗumi, tsane tsakanin yatsu, duba tafin da dunduniya ko akwai tsaga ko ƙuna ko wurin da ya sauya launi, sannan ka shafa mai. Zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya taka tsakar gida ba takalmi, balle da rana lokacin bazara. Ruwan wanka kai za ka gwada shi da gwiwar hannunka, ba shi ba. Da hunturu a nesanta kaskon wuta daga ƙafarsa, domin zai iya ƙonewa har fata ta saɓule yana hira bai sani ba. Mace mai mutuwar yatsu ta bar sauke tukunya da yankan albasa na ɗan lokaci, ta zauna ta ba da umarni. Da dare a bar fitila a hanyar bayi, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a ba shi sanda.

Mai karɓar oxaliplatin, wanda aka fi ba masu dajin hanji, sanyi ne abokin gabarsa a kwanakin da ke bin kemo. Ruwan randa ko na firji na iya sa ya ji maƙogwaro ya shaƙe, taɓa ƙofar ƙarfe da asuba ya fizge masa yatsu. A ɗumama masa ruwan sha da na alwala. Wanda taɓa ruwa ke tayar masa da zogi ya tambayi malami hukuncin taimama da salla a zaune. Haka azumi: na 2020 a tsakiyar kulle ya zo, kuma mai shan magani duk awa huɗu yana cikin waɗanda addini ya yi wa rangwame.

Idan zanen rufa ke tayar da ciwon, kifa kwali ko ƙaramar kujera a ƙarshen shimfiɗa, ka ɗora zanen a kai, ƙafa ta shiga ƙarƙashi ba tare da ya taɓa ta ba. Tufafi su zama na auduga, masu laushi, marasa matsi. Tausa mai sauƙi na yi wa wasu daɗi, wasu kuma ba sa so a taɓa. Bi abin da mai jikin ya ce. Man zafi kada ya hau fatar da aka gasa ko mai rauni. 'Yar tafiya a tsakar gida safe da yamma, da juya idon sawu da dunƙule hannu a buɗe, suna rage taurin gaɓoɓi. Ƙaho da tsaga da sakiya kuwa ina roƙo a bar su. Jinin mai kemo ba ya tsayawa da wuri, garkuwarsa ba ta iya yaƙar ƙwayar cuta, kuma fatar da ba ta ji ba za ta faɗa maka an wuce gona da iri ba. Duk wani jiƙo ko gari da za a sha, a faɗa wa likita sunansa.

Dubiya da kaɗaici

Kaɗaici na ƙara wa ciwo ƙarfi, kuma wannan sananne ne a likitance: rashin barci da damuwa suna sa jijiya ta ƙara jin zafi. Mu kuwa dubiya ce maganinmu na damuwa, ga shi annoba takan hana ta. Kada a rufe mara lafiya a ɗaki kamar shi ne annobar. A fito da shi inuwa a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, mai dubiya ɗaya ko biyu su zauna ɗan nesa da takunkumi, ba musabaha, mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa ta waya. A raba wa dangi ranaku, wannan ya kira Litinin, waccan Laraba, don kada a yi masa rubdugu mako guda sannan a yi tsit. A riƙa shawara da shi kan cefane da karatun yara, a ba shi tsintar shinkafa ko sauraron haddar jikoki. Idan ya daina magana, ya daina cin abinci, yana cewa gara ya huta, a gaya wa likita kamar yadda za a gaya masa zazzaɓi.

Mai jinya shi ma mutum ne, kuma annoba na iya kama shi. Tun yau a samu na biyu wanda ya san littafin, ya iya sirinjin, ya san inda makulli yake. Rigakafin korona ya iso Najeriya a Maris 2021, kuma masu ciwon daji na cikin waɗanda aka fi so su karɓa. Likita zai faɗi ranar da ta dace tsakanin zagayen kemo, wadda aka cire wa kaluluwar hammata kuma a yi mata a ɗaya hannun.

Abin da ba ya jiran gari ya waye

Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni ga wanda aka yi wa kemo, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayansa lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka fi sauka, na asibiti ne a wannan sa'a. Kada a ce maleriya ce ko korona a tsaya gwada magani a gida. A auna zafin jiki kafin a ba da farasitamol, don yana ɓoye zazzaɓi. Kada a sayo kulorokwin. A Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda shansa barkatai, kuma haɗuwarsa da amitriptyline na iya rikita bugun zuciya. Dexamethasone ma, da ya yi suna a Yuni 2020, masu korona da ke bukatar iskar oksijin kaɗai yake taimaka wa. Likitan daji na iya rubuta shi don rage kumburin da ya danne jijiya, amma shansa da ka yana tayar da suga ya raunana garkuwa.

Lura da numfashi. Ciwon huhu na sa shi sauri da haki. Mofin da ya yi yawa na sa shi jinkiri, ƙasa da sau goma a minti, mutum ya yi nauyin barci a kasa tashinsa, ƙwayar idonsa ta tsuke. Wannan ya fi faruwa idan zazzaɓi ko amai ko gudawa sun busar da jiki, ƙoda ta kasa fitar da magani. Kowanne ka gani, asibiti. A na biyun kada a ƙara wani mofin kafin a isa.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. Sabon ciwon baya mai zagayowa kamar an ɗaure ƙirji ko ciki, wanda ke ƙaruwa da tari ko kwanciya, tare da nauyin ƙafafu, ko mutuwar fata a mazauni, ko fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba a sani ba, alama ce ƙari ya danne laka. Wanda aka kai yana iya takawa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda aka bari har ƙafafu suka shanye, da wuya su dawo. A kwantar da shi a miƙe a kai shi babban asibiti a ranar, ko da dokar kulle ko babu.

An ɗage dokar ta-ɓacin korona ta duniya a Mayu 2023, amma a shekarar mashaƙo ya addabi Kano, zazzaɓin Lassa da kwalara da sanƙarau kuma ba su daina zagayowa ba. Idan kana da mai wannan jinya a gida, ranar ganin likita mai zuwa kada ka fito sai ka karɓi lambar da za ka kira da dare, da wasiƙa mai hatimi, da sunan asibiti mafi kusa da ku inda ake samun maganinsa.